Darasi na Tara: Ɗakin Karatu a Hidimar Lafiyar Jama'a

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya da malamai suke haɗa kai da ɗakunan karatu na jama'a;
2. ba da misalan wuraren da aka yi irin wannan aiki;
3. faɗin aikin da ya rataya a wuyan kowane ɓangare, da iyakar da ba a ƙetarewa;
4. tsara yadda za a fara irin wannan aiki a unguwarsu ko ƙauyensu.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin layi a asibitin gwamnati ya san yadda ganin likita yake. Za ka fito da sassafe ka yanki kati, ka zauna a benci har rana ta take. Idan layi ya zo kanka, likita ya tambaye ka abin da ke damunka, ya rubuta magani, ya ce a kira na gaba. Jama'a sun yi masa yawa, ba shi da sukunin dogon bayani. Sai ka fito da takarda a hannu, tambayoyi kuma cike da cikinka. Me ya jawo ciwon? Wane abinci zan bari? In na ji sauƙi in daina shan maganin ko in ci gaba?

Tambayoyin nan ba sa zama babu amsa. Wani zai kai su wurin mai kemis, wani majalisa, wata gidan biki, wani kuma ya saurari saƙon murya da aka turo masa ta WhatsApp, wanda ba a san ko wane ne ya yi shi ba. Amsar takan zo daidai wani lokaci, wani lokaci kuma ita ce ke kai mutum ga halaka. Saboda haka al'umma tana bukatar wani wuri, ban da asibiti, inda mutum zai zauna a natse ya yi tambaya, a ba shi amsa ta gaskiya da harshen da yake ji, ba tare da ya biya ko sisi ba. Ɗakin karatu na jama'a, wanda wasu ke kira laburare, yana iya zama wannan wuri idan ma'aikatan lafiya da malamai suka shigo cikinsa.

Abin da jita-jita ta jawo mana

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewacin Najeriya, saboda maganar da ta bazu cewa an sa wa maganin abin da ke hana haihuwa. Tsoron jama'a yana da tushe, domin ba a manta da gwajin magani da wani kamfanin ƙasar waje ya yi wa yara a Kano ba a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Jihar Kano ta dawo da rigakafin a tsakiyar 2004, amma kafin nan cutar ta ƙaru a gida, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, daga baya har ta kai Yaman da Indonesiya. Yaran da suka shanye a wancan lokaci suna nan tare da mu. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da malaman addini, mutanen da jama'a suka amince da su, suka tsaya suna bayani tare da ma'aikatan lafiya. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar shan inna ta daji ta ƙare a nahiyar Afirka.

A watan Agustan 2014 kuma, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka riƙa tashin 'yan'uwansu daga barci ta waya. Gishiri ba ya maganin Ebola. Wasu sun kwanta a asibiti saboda yawan gishirin da suka sha, an kuma samu rahoton rasa rai.

Darasin da ke cikin waɗannan abubuwa biyu a fili yake. Samar da magani kaɗai bai wadatar ba. Dole ilimin lafiya ya isa ga mutane ta bakin wanda suka yarda da shi, a wurin da suke sakin jiki, kuma tun kafin annoba ta zo.

Me ya sa aka zaɓi ɗakin karatu?

Na farko, shigarsa kyauta ce, kuma ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi. Wanda ke jin kunyar a gan shi a layin masu tarin fuka ko masu lalurar ƙwaƙwalwa ba zai ji kunyar a gan shi a ɗakin karatu ba. Na biyu, ba a sayar da komai a cikinsa, don haka babu mai cin riba idan aka tsorata ka. Na uku, sana'ar ma'aikacin ɗakin karatu ita ce nemo bayani da tantance shi: wa ya rubuta, yaushe, da wace hujja. Na huɗu, akwai kujeru da inuwa, a wasu wuraren har da kwamfuta da intanet.

Hukumar UNESCO ta fitar da takardar manufofin ɗakunan karatu na jama'a tun 1949. A sabon zubin da aka yi mata a 2022, an ambaci samar wa jama'a bayanan lafiya a cikin ayyukan da ake so ɗakin karatu ya yi.

Inda aka gwada

A birnin Kadif na yankin Wels a Birtaniya, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Neil Frude ya fito da wata dabara a 2003. Ƙwararru suka zaɓi littattafai masu koya wa mutum yadda zai shawo kan damuwa, fargaba da makamantansu. Idan majiyyaci ya zo, kuma lalurarsa ba ta yi tsanani ba, likita yana iya rubuta masa sunan littafi a takarda kamar yadda ake rubuta magani, shi kuma ya kai ɗakin karatu a ba shi aro. A 2005 shirin ya game yankin Wels, a 2013 kuma aka fara irinsa a Ingila baki ɗaya. Daga baya aka ƙara jerin littattafai kan ruɗewar tsufa a 2015, da na matasa a 2016. Abin lura a nan shi ne rabon aiki: masana lafiya ne ke zaɓen littafi, ɗakin karatu ne ke ajiye shi ya kai shi hannun jama'a.

A gundumar Pima ta jihar Arizona a Amurka, ma'aikatan ɗakunan karatu sun lura cewa da yawa daga cikin masu wuni a wurinsu marasa galihu ne, wasu ba su da matsuguni, wasu suna fama da ciwo ba su je asibiti ba. A 2012 suka haɗa kai da sashen lafiya na gundumar, aka fara turo ma'aikatan jinya. Nas takan zaga tsakanin masu karatu, ta auna jini, ta saurari koke, ta nuna wa mutum asibiti ko ofishin da zai je a taimake shi. Maimakon a jira mara lafiya ya zo, sai aka bi shi inda yake zama.

A Afirka ma an yi. A Kenya, hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa ta ware kusurwar lafiya mai kwamfutoci a rassanta na Kisumu da Eldoret, da tallafin wata ƙungiya mai suna EIFL. Aka koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su nemo sababbin bayanai a intanet, aka kuma riƙa shirya wa jama'a laccoci. A Tamale ta Arewacin Ghana, garin da Hausawa suka daɗe suna zaune a zangonsa, babban ɗakin karatu na yankin ya haɗa kai da ƙungiyar Savana Signatures da ma'aikatan lafiya a kan lafiyar mata masu juna biyu. Aka tanadi bayanai a kwamfuta domin ungozomomi da masu jinya, aka kuma riƙa tura wa masu ciki gajerun saƙonni ta waya kan abinci, awo da alamomin haɗari.

Mu ma muna da abin da za mu ɗora a kai. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai da Hausa domin manyan da suka koyi karatu, ciki har da na tsabta da kiwon lafiya. Tun a wancan zamani an gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi yana bukatar abin karantawa da zai amfane shi a gidansa.

Aikin kowane ɓangare

Wannan haɗin gwiwa kamar murhu ne, duwatsu uku ke riƙe tukunya, in aka cire ɗaya sai ta tuntsure.

Ma'aikacin lafiya shi ne mai tabbatar da ingancin bayani. Shi zai duba littafi ko takarda ya ce wannan daidai ne, wannan kuma an daina aiki da shi. Shi zai yi awo, ya amsa tambaya, ya tura wanda ya kamata asibiti.

Malami shi ne mai mayar da bayani abin fahimta. Likita yana iya sanin cuta ciki da bai, amma ya kasa bayyana ta ga dattijuwar da ba ta taɓa zama a aji ba. Malamin yaƙi da jahilci ko malamar Islamiyya sun san yadda ake farawa daga abin da ɗalibi ya sani, a maimaita, a yi tambaya, a tabbatar an gane. Su ne kuma za su mayar da katin rigakafi da takardar magani abin koyon karatu da lissafi a aji.

Ma'aikacin ɗakin karatu shi ne mai masauki. Shi zai ware wuri, ya tsara lokaci, ya tattara littattafai da hotunan bango, ya nemo na Hausa da boko da ajami, ya ajiye saƙonnin murya da bidiyo da aka tantance domin waɗanda ba su iya karatu ba tukuna.

Misali na farko: ranar awon jini

Mu ƙaddara an ware safiyar Asabar. Nas ta zo da na'urar awon jini, an ajiye tebur a wani lungu da aka kare da labule. Wani dattijo ya shigo. Ta ce ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ya sauke ƙafafunsa ƙasa, ya ɗora hannu a kan tebur daidai da ƙirjinsa. Ta naɗa masa abin awon a dantse, ta roƙe shi kada ya yi magana har na'urar ta gama. Lambobi biyu suka fito, 160 a sama, 100 a ƙasa.

"Baba, jininka ya hau. An taɓa gaya maka?"

"An gaya mini bara, 'yata. Na sha magani wata guda, da na ji garau sai na bari."

"Ai Baba, hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau, shi kuma yana can yana yi wa zuciya da ƙoda ɓarna, wata rana sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Maganin riƙe shi yake yi, ba a barinsa sai da izinin likita. Ga lambobin na rubuta maka, don Allah ka kai asibiti cikin makon nan."

"To, Allah ya yi miki albarka. Zan je in sha Allahu."

Daga nan sai malami ya karɓi aiki. Ya rubuta 140 da 90 a allo, ya bayyana cewa idan awon babban mutum ya kai haka ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, ana ɗaukarsa yana da hawan jini. Ya kawo ƙaramin cokalin shayi ya nuna wa ajin: gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini shi ne giram 5, wato ƙasa kaɗan da cikin wannan cokali, kuma lissafin ya haɗa da gishirin da ke cikin magi da burodi da sauran abincin da aka sarrafa. Kowane ɗalibi ya koyi rubuta kwanan wata da lambobin awonsa a ɗan littafi. Ma'aikacin ɗakin karatu kuma ya ba dattijon takardar bayani ya tafi da ita gida, jikarsa ta karanta wa mai yi masa girki.

Misali na biyu: awon dantsen yaro

Tamowa tana kama yaro a hankali, sau da yawa ba a farga sai ta yi nisa. Akwai wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku da ake auna dantsen yaro da shi, daga ɗan wata 6 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba. Ana neman tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya ma'aunin ba tare da an matse ko an sassauta ba, sannan a duba launin da ya fito. Kore yana nufin lafiya lau. Ruwan ɗorawa, wato daga santimita 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, gargaɗi ne, a kai yaron a duba shi. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan ƙafafun yaro biyu suka kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, kada a jira.

A Mirya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, bincike kuma ya nuna awon nasu bai gaza na ma'aikatan sa-kai da aka horar ba. Abu ne da ake koya a zama ɗaya, ko da mace ba ta iya karatu ba. Ɗakin karatu ko ajin manya wuri ne da ya dace da irin wannan koyarwa, a haɗa da yadda ake dama garin gishiri da suga na asibiti idan yaro yana gudawa, da muhimmancin shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Ɗakin karatu ba asibiti ba ne, kuma duk ranar da aka manta da haka amana za ta zube. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Ma'aikacin ɗakin karatu da malami ba sa gaya wa mutum cutar da ke damunsa, ba sa rubuta magani.
2. Ba a sayar da magani ko tallarsa, na bature ne ko na gargajiya.
3. Abin da mutum ya tambaya ko ya ara sirri ne. Ba a kai shi majalisa.
4. Kowane littafi ko takarda sai ma'aikacin lafiya ya duba kafin a ajiye, domin ilimin likitanci yana sauyawa, abin da aka rubuta shekaru talatin da suka wuce yana iya zama kuskure a yau.
5. Idan aka ga alamar haɗari, kamar jijjiga, zubar jini ga mai ciki, ko numfashi da ƙyar, a bar bayani a nufi asibiti.

Yaya za mu fara a wurinmu?

Gaskiya ce cewa da yawa daga cikin ɗakunan karatunmu sun tsufa, littattafan sun kwana biyu, wuta ba ta samuwa, ƙauyuka da dama kuma ba su da shi sam. Wannan bai isa ya hana farawa ba. Inda akwai ɗakin karatu, zuwan jama'a domin awo da lacca shi ne zai farfaɗo da shi, ya kuma ba shugabanni dalilin gyara shi. Inda babu, akwati ɗaya na littattafai da aji ɗaya na makarantar firamare bayan an tashi sun isa.

Matakin farko shi ne ajinku ya zauna ya fitar da matsalolin lafiya uku da suka fi damun unguwarku. Sai ku wakilta mutum biyu ko uku, maza da mata, su je wurin shugaban asibitin unguwa da mai kula da ɗakin karatu, su nemi rana ɗaya a wata. Ku sanar da mai unguwa da liman tun da wuri, domin sanarwa ɗaya bayan sallah ta fi takardar gayyata ɗari. Ku ware wa mata lokacinsu, da ma'aikaciya mace, a sa'ar da ba ta ci karo da girki ba, a kuma nemi fahimtar mazajensu. Ku bi yanayin shekara: zazzaɓin cizon sauro da kwalara gab da damina, sanƙarau da ƙyanda kafin zafi ya tsananta. Ku riƙa rubuta yawan waɗanda suka zo da yawan waɗanda aka tura asibiti, ba tare da sunaye ba, domin da wannan lissafi za ku tunkari ƙaramar hukuma idan kuna neman tallafi.

Taƙaitawa

Asibiti yana ba da magani, amma ba shi da isasshen lokacin koyarwa, kuma inda aka bar giɓi jita-jita ce ke cike shi. Ɗakin karatu wuri ne na kowa, kyauta, wanda ba a jin kunyar shigarsa. Idan ma'aikacin lafiya ya kawo sahihin bayani, malami ya sauƙaƙa shi, ma'aikacin ɗakin karatu ya ajiye shi inda hannu zai kai, jama'a za su san abin da za su yi tun kafin ciwo ya kwantar da su. An yi haka a Kadif da Pima da Kisumu da Tamale. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun fi kowa sanin bambancin wanda ke karanta takardar maganinsa da kansa da wanda sai ya nemi mai karanta masa, don haka ku ne kuka fi cancanta ku jagoranci wannan aiki a unguwanninku.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa ɗakin karatu ya dace da yaɗa ilimin lafiya.
2. Me ya faru a 2003 game da rigakafin shan inna, kuma me ya taimaka aka shawo kan lamarin?
3. Bayyana yadda shirin rubuta wa majiyyaci littafi yake aiki.
4. Wane aiki ɗakin karatu na Tamale ya yi wa mata masu juna biyu?
5. Me launin ja yake nufi a ma'aunin dantse, kuma me za a yi idan ya fito?
6. Faɗi abubuwa uku da bai kamata a yi a ɗakin karatu da sunan lafiya ba.

Aikin yi

1. Kowane ɗalibi ya zo da katin rigakafin yaro ko kwalin magani daga gida. Ku karanta tare, ku nemo ranar komawa asibiti ko ranar da maganin zai lalace.
2. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya kawo wata magana kan lafiya da ake yaɗawa a gari, ku rubuta ta, ku ajiye domin a tambayi ma'aikacin lafiya ranar da ya zo.
3. Ku rubuta wasiƙa da sunan ajinku zuwa ga shugaban asibitin unguwarku, kuna neman a turo muku ma'aikaci sau ɗaya a wata. Ku faɗi wuri da rana da batun da kuke so a fara da shi.